Bargon da Chaïbou Ya Kyautar

In kun taɓa kai ɗinki unguwar Glenwood, to kun san Hamsatou ko da ba ku riƙe sunanta ba. Ita ce matar nan 'yar Damagaram mai ɗan gida ruwan toka kusa da inda bas ke tsayawa, wadda in ka miƙa mata yadi sai ta murza shi a tsakanin yatsu ta gaya maka ko an cuce ka kafin ma ta auna ka. An fi saninta da Maman Rachid. Shekararta goma sha shida a garin Greensboro na Amirka, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda zai ce ya taɓa jin muryarta ta wuce ƙofar falo. Sai bana. Bana kam an ji ta har bakin titin Gate City, kuma har yanzu akwai gidajen da in an ambaci sunanta sai a taɓe baki. Ni dai ina bayanta, gara in faɗa tun da wuri.

Mahaifinta, Malam Adamou, magini ne a unguwar Birni ta Damagaram, irin maginan da ke yi wa gida fuska. In an gama gini an yaɓe, sai a kira shi ya zo ya fitar da zane a bangon zaure: ga dagi a saman ƙofa, ga 'yan kusurwa uku suna bin juna kamar haƙoran zarto, ga zanko a kan soro. Bai taɓa riƙe takarda ba. Kayan aikinsa igiya ce da tsinke da tafin hannu, sai farar ƙasa da jar ƙasa da shuni. Fuskar gidansa kuwa ita ya fi ƙawatawa, duk bayan damina sai ya sabunta ta. Hamsatou ce mai kai masa fura wurin aiki tana yarinya. Ba a koya wa 'ya mace gini, ita ma ba ta nema ba, amma takan ajiye ƙwarya ta zauna a inuwa ta yi ta kallo har sai an aiko nemanta daga gida. Da ta tasa aka kai ta wurin wata tela a unguwar Zango ta koyi keke.

Mijinta Chaïbou ya ci lotarin biza, ya riga ta zuwa da shekara biyu. Mutumin kirki ne, kowa zai gaya muku, ga fara'a, ga gaisuwa. Ciwonsa guda ne, yana son a ce masa ya kyauta. Da ya sauka garin nan bai san kowa ba, Alhaji Hamissou ne ya ajiye shi a ɗakinsa wata takwas, ya nuna masa hanyar samun lasin, ya kai shi wurin aiki. Alhaji dattijo ne ɗan Maradi, yana da filin tsofaffin motoci a kan Gate City, yana loda su a kontena zuwa Kotonu. Chaïbou yana kiransa Baba, kuma in waya ta yi ƙara ya ga sunan Alhaji ne, tashi tsaye yake yi kafin ya amsa.

Rayuwar Hamsatou a nan ba ta da wani lanƙwasa. Da safe tana wankin zannuwan gado a wani otal har ƙarfe biyu, ta dawo ta ɗora tukunya, ta hau keke. Rage tsawon wando, ɗinkin Sallah, ankon biki, rigunan mawaƙan coci, duk tana yi. Shekara bakwai da suka wuce mahaifinta ya rasu, ba ta samu zuwa ba, ta yi kukanta a ɗakin wanki tsakanin injuna. Bayan shekara uku yayanta ya turo mata hoto a waya yana murna, wai ya gyara gida. Ta buɗe hoton ta ga an kankare fuskar gidan kaf, an shafe da siminti, an manna karo, farin tayil irin na banɗaki, tun daga ƙasa har sama. Ta kira shi, ya ce ai zanen nan kayan da ne, kowace shekara sai an nemi mai gyara, kuma masu iyawa sun ƙare. Ta tambaye shi ko ya ɗauki hoton bangon kafin a kankare. Ya ce bai yi tunanin haka ba. Ta binciki duk hotunanta, guda ɗaya ta samu, na ranar ɗaurin aurenta, shi ma maza sun tsaya sun rufe rabin bangon da manyan riguna.

Ana nan sai Anti Abigel ta shigo labarin. 'Yar Kafanchan ce, tana aikin kula da tsofaffi, kuma tsohuwar mai kawo ɗinki ce. Ita ta ga tarin ƙyallayen da ke ƙarƙashin teburin Hamsatou ta ce wannan ai dukiya ce take takawa. Ta ja ta wata Asabar zuwa zauren taron wani coci a East Greensboro, inda wasu tsofaffin mata baƙaƙen Amirka ke haɗuwa suna harhaɗa ƙyallaye suna yin abin da suke kira kwilt. Chaïbou ya ɗan yi gunaguni da ya ji coci ne, Anti Abigel ta ce masa ɗakin cin abinci ne, kuma ita da kanta za ta nuna wa matarsa gabas in azahar ta yi. Hamsatou ta shiga da tunanin bargo za ta gani. Sai ta tarar wasu ba a rufa da su ma, a bango ake rataye su. Wata tsohuwa ta yi tagogin gidan kakarta, wata ta yi rufin tashar jirgin ƙasa, duk da 'yan yanke-yanken yadi masu kusurwa. Hamsatou ta tsaya gaban na tagogin nan ta daɗe. A mota ta ce wa Anti Abigel ita bangon babanta za ta yi.

To, faɗa da baki ba wuya. Aikin nan ba ya son ɗan kuskure. Kowane yanki sai an bar masa bakin ɗinki daidai, rubu'in inci, in ka ƙara ko da kaurin zare ne, sai ka je tsakiya ka ga kusurwoyi sun ƙi haɗuwa, layi ya karkace. Ita kuwa tela ce, ta saba da ido da kintace, nan kuma sai rula da wuƙa mai taya da dutsen guga a kan kowane ɗinki. Dagin saman ƙofa sau huɗu tana farke shi. Rabin bangon da rigunan maza suka rufe kuwa, sai da ta yi ta aika wa wata gwaggonta saƙon murya tana tambaya: haƙoran nan na gefen dama sama suke kallo ko ƙasa, guda nawa ne daga ƙofa zuwa kwana. Gwaggo ta ce goma sha ɗaya, washegari ta aiko ta ce a'a, goma sha uku ne, ta tuna da inda akuya ke gogar jiki. Ƙyallayen ma ba ta ɗauka haka nan ba. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta tambaye ta ko ta yafe mata ragowar, don ta ce ba za ta gina bangon mahaifinta da abin da ba halal ba. Jar ƙasa ta fito daga atamfar ankon wani suna, farar ƙasa daga shaddar wani ango, shuni daga wani rini da aka kawo wa wata daga Kano. Da fuskar ta haɗu, ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta sa yadin baya, ta bi shi da allura da hannu, layi bayan layi. Wata goma sha huɗu ta yi. A cikinsu ne ta fara sa tabarau.

Matan Asabar suka ce lalle sai an rataye shi a baje kolinsu na shekara, mako uku bayan ƙaramar Sallah. Aka rubuta sunanta a takarda, aka ware mata bango.

Kwana biyu bayan Sallah, da la'asar, Alhaji Hamissou ya dawo daga wata ta'aziyya ya ce bari ya leƙa su. Sau biyu kacal ya taɓa taka gidan a shekara goma sha shida, don haka Chaïbou ya rasa inda zai sa kansa. A kawo ruwa, a kawo lemo, a kawo cincin, ina naman nan. Kwilt ɗin kuwa yana shimfiɗe a bayan doguwar kujera, don ranar Hamsatou take ɗinka masa aljihun da za a zura sandar ratayewa. Alhaji ya zauna, ya kai hannu ya shafa, ya ɗaga gefe ya ji nauyinsa, ya ce wannan bargo ya yi kyau, irinsa ake so in sanyi ya shigo.

Chaïbou ya ce, "Ai naka ne, Baba."

Kun san wannan magana. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san ta baki ce. Baƙo ya yaba, mai gida ya ce naka ne, baƙo ya ce ya gode ya bar wa yara, shi ke nan an rabu kowa da mutuncinsa. Alhaji ma haka ya yi, ya ce ya gode, Allah ya yi albarka, a bar wa yara. Da Chaïbou ya yi shiru a nan, da ba ni da labarin ba ku. Amma ina, daɗin ganin Alhaji a falonsa ya ɗebe shi. Ya sake cewa, Alhaji ya sake ƙi. Sai ya miƙe tsaye ya ce wallahi tallahi sai Baba ya tafi da shi. Rantsuwa kuwa ta shiga, dattijo ba zai bar yaronsa da kaffara a kan bargo ba. Alhaji ya ce to, tunda ka rantse.

Hamsatou tana tsaye a ƙofar kicin da tire a hannu. Alhaji ya juyo ya ce, "Ɗiyata, an yarda ko?"

Ta ce, "Ba komai, Baba."

Wannan kalma ita ta fi ci mata rai har yau. Ta ce ba ta san lokacin da ta fito ba, bakinta ne ya yi abin da aka koya masa tun tana goye. Tana kallo mijinta ya naɗe wata goma sha huɗu kamar tabarma, allurarta ma tana soke a jiki, ya kai but ɗin mota da kansa, ya tsaya yana ɗaga hannu har motar ta sha kwana.

Ya dawo yana murmushi, ya ce ta ga yadda Baba ya ji daɗi. Ta ajiye tiren a hankali, ta tambaye shi ko ya san abin da ya bayar. Ya ce bargo mana, kuma ai ita ta iya, ta yi wani, shi zai sayo mata yadi sabo dal ba ragowar mutane ba. Ta tambaye shi zanen mene ne a jiki. Ya ce kwalliya ce dai irin ta matan cocin nan. A nan ne ranta ya gama ɓaci. Mutumin da aka ɗaura masa aure a gindin bangon nan, wanda ya yi shekara yana zuwa zance yana jingina da shi har farar ƙasa na ɓata masa riga, wata goma sha huɗu yana tsallake shi a falo bai taɓa gane shi ba.

Ta ce, "Malam, gidan babana ka sa a but."

Ya ce to me ya sa ba ta faɗa masa ba. Ta ce ta faɗa, ba sau ɗaya ba, yana kallon ƙwallo yana cewa madalla. Ta ce gobe ya je ya karɓo. Ya ce ita ma ta san ba zai yiwu ba, so take ya lashe amansa a gaban mutumin da ya riƙe shi kamar ɗa? Ya ƙara da cewa ai an tambaye ta, da bakinta ta ce ba komai. Ta ce da ta ce akwai komai a gaban Alhaji, da yanzu maganar da suke yi ita ce ta rashin tarbiyyarta. Bai musa ba. Ya ɗauki makullin mota ya ce zai je masallaci.

Kwana huɗu tana dafa abinci tana ajiyewa, gaisuwa kawai ke haɗa su. Ranar Asabar ta je wurin matan hannu rabbana. Da ta ba su labari, shugabarsu, wata tsohuwa mai sanda, ta kasa ganewa sam. Ta yi ta tambaya, an sace ne, an sayar ne, to in ba haka ba me zai hana ta buga waya ta ce a dawo mata da kayanta. Anti Abigel ce ta gane, don su ma can gida haka abin yake. Ta ce mata kada ta tunkari Alhaji, ta bi ta cikin gida, mata su ke kwance irin wannan ƙulli ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Hamsatou ta bi shawara. Ta sayi bargo sabo, irin mai laushin nan mai hoton damisa da ke zuwa cikin jaka mai zif, ta haɗa da turaren wuta na Damagaram, ta tafi wurin matar Alhaji, Hajiya Kubura. Aka yi gaisuwa, aka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, aka yi maganar tsadar nama. Sannan ta kewayo, ta ce wancan bargon da Malam ya ba Baba ai ba a gama shi ba, ko allura ba a cire ba, ga shi ba ya riƙe ɗumi, kunya ta hana ta barci, shi ya sa ta kawo wannan mai kyau a musanya. Hajiya Kubura ba yarinya ba ce, ta gane sarai. Ta buɗe jakar ta shafa damisar, ta ce kai, Maman Rachid ba ta gajiya, Allah ya bar zumunci, ta kira jikarta ta kai ɗaki. Game da wancan kuwa, ta ce ai bai ma shigo gidan ba, yana can fili wurin Alhaji, kuma kyauta tsakanin maza su mata ina ruwansu. Har Hamsatou ta sa takalmi sannan Hajiya ta ce, kamar wadda ta tuna, tana jin ya sa shi cikin kayan kontenar da za a rufe ranar Alhamis.

Hamsatou ta fito ba kwilt, ba damisa, ba turare. Ta ce a hanya har dariya ta yi, irin wadda ba ta da daɗi.

Ta gaya wa Chaïbou cewa jibi za a rufe kontena. Ya ce ta yi haƙuri, ta bar wa Allah. Ta ce Allah bai rantse a kan kayanta ba, shi ya rantse.

Ranar Laraba ta tashi aiki ƙarfe biyu, ba ta biya gida ba, ta hau bas da rigar otal a ƙarƙashin hijabi ta sauka a Gate City. Filin Alhaji ba wurin mata ba ne. Motoci ne jere, wasu ba gilashi, ga kontena a buɗe a can ƙarshe, ga rumfa an kafa, Alhaji da mutum huɗu suna shan shayi. Ta durƙusa ta gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ba ta rage ko ɗaya ba, har gajiyar Sallah ta tambaya. Ya amsa yana dubanta, ya tambaya ko lafiya.

Ta ce, "Baba, na zo karɓar bargona."

Mai zuba shayi ya tsaya da buta a sama. Alhaji ya tambaya ko mijinta ya san ta zo, ta ce bai sani ba. Ya ce shi dai bai roƙa ba, sau biyu yana ƙi, yaron nan ya rantse, kuma ita ma ya tambaye ta a gaban mijinta.

Ta ce, "Ka tambaye ni, na yi maka ƙarya. Kunya ce ta sa, Allah ya yafe mini. Amma shi ya rantse a kan abin da ba nasa ba. Bai saya ba, bai yanka ba, bai zura allura ko sau ɗaya ba. In yana son ya yi maka kyauta, ga motarsa nan, ga rigunansa."

Ɗaya daga cikin mutanen, wani mai jar hula, ya yi dariya ya ce yau ga ikon Allah, duk wannan a kan bargo, ai Amirka ta gama da matanmu. Ta juya ta ce masa matarsa ta kawo ɗinki wata uku da suka wuce, ta ga bargon, ta gane gidan Birni ne tun daga ƙofa, ya je ya tambaye ta tunda ta fi shi ido. Ya mayar da kai kan shayinsa.

Alhaji ya ce wa wani ma'aikacinsa ya duba inda aka sa shi. Hamsatou ba ta jira ba, ta bi bayansa. A cikin wata mota da aka cika da kaya har rufi suka same shi. An naɗe wani tsohon janareta da shi don kada ya fasa gilashi a teku, an ɗaure da igiyar roba tamau, baƙin mai ya tsattsafo ya jiƙe kusurwar ƙasa.

Nan ne aka ji muryarta. Masu gyaran taya na maƙwabta sun ce sun ji, ba su san me take faɗa ba amma sun fito. Ta faɗi sunan mahaifinta da sunan unguwarsu. Ta ce an kankare shi sau ɗaya a Damagaram ba ta nan, ba za a sake yi tana tsaye ba. Ta ce da Alhaji ya rufa da shi ma da ta ji sauƙi, ashe ko buɗe shi bai yi ba, tsumma ya gani. Ta ce duk cikinsu ba wanda zai yarda matarsa ta ɗauki mota ɗaya a filin nan ta ba baƙuwa don ta yaba, amma aikin mace kowa na iya rantsuwa a kansa. Tana faɗa tana kwance igiyar da hannunta, farcenta ɗaya ya karye, ba ta ma sani ba sai a bas.

Alhaji ya taso ya zo. Dattijo ne, kuma a gaban yaransa aka yi, fuskarsa ta nuna. Ya dubi kwilt ɗin da ta baza a kan bonet ɗin motar, ya daɗe yana dubawa, ina jin ranar ya fara ganinsa. Amma abin da ya ce shi ne, "Ɗauki kayanki. Sai dai ki sani, yau kin cire wa mijinki hula a kasuwa."

Ta ce, "Shi ya fara cire mini ɗankwali a falona, Baba. Na gode."

Ta durƙusa ta yi masa sallama kamar yadda ta zo, ta rungumi abinta ta tafi bakin titi.

Man bai fita ba. Ta gwada sabulun wanke-wanke, ta gwada alli, ta ji tsoron jiƙa shi gaba ɗaya kada shunin ya zuba. Ƙarshe sai farkewa ta yi, yanki ashirin da shida, har da audugar ciki. Shaddar angon nan ta ƙare, farin da ta samu ya fi na da haske, duk mai ido zai ga an yi gyara a gefen ƙofa. Kwana tara ta yi a kai, ta gama ana gobe baje koli. Aka rataye shi a bangon da aka ware mata. Anti Abigel ta zo da mutanen cocinsu, wasu 'yan Damagaram biyu suka zo a ɓoye, ɗaya ta tsaya tana ƙirga haƙoran gefen dama ta ce goma sha uku ne kuwa. Chaïbou bai zo ba, ya ce yana da shif a wurin aiki.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama gari, kuma kun san yadda yake canza kaya a hanya. Wasu suka ce zagin Alhaji ta yi, wasu suka ce da 'yan sanda ta je. Hajiya Kubura da ƙawayenta suka kwashe ɗinkinsu suka kai wa wata tela a garin High Point, ankon bikin da aka riga aka yi mata alkawari ma aka janye. A wurin suna in ta shiga sai hira ta koma ta yanayin gari. Ta ce ta san za a yi haka tun tana cikin bas, kuma da za a mayar da ita ranar Laraba, bas ɗin nan za ta sake hawa.

Chaïbou kuwa abu biyu ya yi. Ya je wurin malam ya tambaya ko kaffara ta hau kansa, malam ya ce a'a, tunda Alhaji ya tafi da bargon kamar yadda aka rantse. Sannan ya sa babbar riga ya je filin motoci, ya durƙusa a gaban mutanen nan huɗu ya ba Alhaji haƙuri a madadin iyalinsa. Alhaji ya ce ya wuce. Ya dawo gida da sauƙin rai ya gaya mata an daidaita, Baba ya yafe mata.

Ta tambaye shi ita wa zai ba ta haƙuri. Ya ce ai ga bargonta ya dawo, me kuma ya rage.

Wata biyar ke nan. Suna gaisawa, suna cin abinci a tebur ɗaya, ranar Juma'a tana goge masa riga. Kwilt ɗin yana ɗakin ɗinkinta a rataye, kuma in an ƙwanƙwasa ƙofar gida, kafin ta je ta buɗe sai ta fara murza wa ɗakin makulli ta jefa a aljihu. Chaïbou ya ce wannan cin fuska ne a gaban baƙi. Ta ce ya san abin da zai faɗa ta daina, kalma biyu ce, "yi haƙuri", kuma ya iya ta, tunda ya kai ta har Gate City. Har jiya da na je karɓar ɗinki bai faɗa ba.